Ranar da Mutanen Tizgit Suka Ƙi Sauka

Yayana Bassu ya tuƙa babbar mota tsakanin ƙauyenmu Tizgit da kasuwar Rish tun ina budurwa har na aurar da 'yata ta fari. Ni ce Tuda, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi Allah bai ba shi baki ba, ni aka haɗa wa nawa da nasa, don haka ni zan ba da labarinsa. A duk rayuwarsa abu ɗaya ya taɓa roƙon mutanen ƙauyen nan, su faɗi abin da suka ji da kunnuwansu, don sunansa ya fita daga jinin wani.

Motar ja ce, tsohuwa, mai bodin katako. Ranar kasuwa take sauka da mu da sassafe, da tumaki da buhunan dankali da duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin rubutun liman. Da yamma ta hauro da garin alkama da sukari da ganyen shayi da tukwanen gas. Babu wata mota da ke hawa wajenmu a lokacin sai ita. In Bassu ya kwanta zazzaɓi, ƙauye kaf ya sha shayi lami.

Hanyar ba ta da laifi sai wuri ɗaya, kwanar da ke ƙasan mashigin Tizi n-Wushen. In kana hawa, dutse na hagunka, kwazazzabo na damanka, hanyar kuma ta ɗan karkata wajen kwazazzabon. Rana ba ta leƙa wurin duk hunturu. Ruwan da ke tsattsafowa daga jikin dutsen sai ya daskare a kan hanya, dusar ƙanƙara ta zo ta lulluɓe shi.

A nan motar Bassu take tsayawa kowace shekara. Yadda aka ƙera aksul ɗin bayanta, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, in taya ɗaya ta taka santsi, duk ƙarfin injin wajenta yake tafiya. Sai ta yi ta juyi a banza tana feshin ƙanƙara, 'yar'uwarta kuwa ta kafe wuri ɗaya kamar ba da ita ake ba. Mota ba gaba, ba baya. Bassu ya leƙo ta taga ya ce, “To, jama'a.” Ba ya ƙara komai, kowa ya san sauran. Mu mata mu sauka mu bi jikin dutse da ƙafa, mu jira a sama. Maza su ɗaura sarƙa ɗaya tilo a tayar da ke juyi, su cusa mata duwatsu da ciyawa, su sa kafaɗa a katako. In motar za ta sha kwanar, shi kaɗai ke cikinta. Haka muka taso muka tarar tun zamanin direban da ya koya masa.

Suna tura motar dai, amma ba su taɓa yi baki a rufe ba. Dadda suke ce masa, wato yaya.

“Dadda Bassu, wai kuɗin mota muka biya ko na dako?”

“Mako mai zuwa mu ma za mu karɓi namu. Mu ne injin.”

“Ku bar shi, tayar hagun nan halin mai ita gare ta. Ba ta magana, ba ta motsi.”

Bassu sai dai ya yi murmushi ya gyara rawaninsa. Wanda ya fi kowa wannan tsiya shi ne Haddu, dillalin tumaki, sa'an Bassu, tare suka yi kiwo suna yara. Mutum ne mai murya. In ya yi tari a masallaci sai ka ga kawuna na gyaɗawa, an ɗauka ya faɗi wani abu.

Wata shekara hunturu ya yi tsanani, turawa ta gagara, motar ta koma Rish da kayanta har aka jima. Cikin kayan akwai sha'irin da Haddu ya saya wa tumakinsa. Kafin hanya ta buɗe, masu ciki da yawa sun mutu masa. Ba na ce bai yi asara ba. Amma ƙanƙarar ba Bassu ya zubo ta ba, kuma ba shi ya hana Haddu tanadi tun kaka ba.

Da bazara maza suka zauna a gindin katangar masallaci, suka kira yayana. Haddu ya ce akwai wani a Rish mai sabuwar mota, a shirye yake ya karɓi hanyar. Ya ce sun gaji da zama alfadarai. Ko Bassu ya gyara motarsa ta riƙa hawa kamar ta mutane, ko ya ba wasu wuri. Bassu ya dawo gida ya zauna bakin murhu, shayinsa ya huce a gabansa.

Na ce, “Dadda, ka ce musu su kawo mai sabuwar motar. Hunturu ɗaya zai yi ya gudu.”

Ya ce, “In na bar motar nan, Tuda, ni wane ne a garin nan?”

Wani bakanike a Rish, Si Mulud, shi ya kawo masa magani. Ya samo aksul daga wata mota da ta yi aiki a mahaƙar dutse can kudu, inda ba a san ƙanƙara ba sai a cikin kofi. Ya ce wannan mai riƙo ne. Akwai wasu faifai a cikin tukunyarsa, da zarar taya ɗaya ta fara juyi a banza sai su kama, su tilasta wa ɗayar ta juya tare da ita. Babu sauran taya mai zaman kashe wando. Don sayensa Bassu ya sayar da 'yar gonar tuffa da mahaifinmu ya bar mana a bakin rafi. Ina da rabo a ciki, na ce ya sayar. Har yau in na bi ta wurin nakan kau da kai.

Gaskiya aksul ɗin ya yi aiki. Da ruwan kaka ya sauko, hanya ta zama taɓo, muka iso kwanar kowa ya fara tattara riga don sauka. Bassu bai leƙo ta taga ba. Motar ta yi gurnani, ta yi ɗan jijjiga, ta haye. Mata muka yi guɗa. Haddu ya bubbuga rufin gaban motar yana cewa yau muka zama mutane. A ranar har rago aka yanka, aka zaunar da yayana a kan darduma mai kyau, aka fara zuba masa shayi kafin liman. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da ya shekara da shekaru ana masa dariya, yau ana cewa Si Bassu, kamar yadda ake kiran manya.

Daga nan rashin sauka ya zama abin taƙama. Mutanen ƙauyen da ke bayan namu har lokacin suna tura tasu motar, namu kuwa in sun haɗu da su a kasuwa sai su tambaye su ya kafaɗa. Haddu ya ce a kai sarƙar nan wa maƙeri ya yi takalman alfadari da ita. Ba a kai ba, amma Bassu ya sauke ta ya rataye a zaure. Wannan kuskurensa ne, ba zan ɓoye ba. Yabo ya shiga kansa kamar yadda yake shiga kan kowa.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan sanyin farko, na same shi a rumfar mai shayi a Rish, ya sa burodi a gaba bai taɓa ba.

Ya ce, “Bayan motar nan ya yi mini wani abu da safe.”

“Wane irin abu?”

“A mashigin rafi, inda ya daskare. Na ɗan taka mai, sai na ji bayanta ya tafi gefe. Tsohon aksul bai taɓa yi mini haka ba.”

“Ka gaya wa Si Mulud?”

“Ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa, in gode wa Allah.”

Bayan la'asar muka kamo hanya, sama ta yi nauyi, dusar ƙanƙara ta fara sauka tun kafin mu bar kwalta. Ina gaba tare da Lalla Izza, wata tsohuwa kurma da aka sallamo daga asibiti. Maza suna baya a kan kaya, mata kaɗan a tsakiyarsu. Da muka iso ƙasan kwanar, Bassu ya tsaya. Ya fita, ya taka zuwa wurin, ya share da ƙafa. Ƙarƙashin farin akwai ƙanƙara baƙa, sumul. Ya dawo ya tsaya a gefen motar, ya ɗaga kai wajen mazan.

Ya ce, “Jama'a, ku sauka. Ban yarda da wurin nan ba yau.”

Wani ya yi dariya.

Haddu ya ce, “Si Bassu, gonar ubanka ka sayar don mu ci gaba da tafiya a ƙasa?”

“Ba turawa za ku yi ba. Ku taka zuwa sama kawai, in sha kwanar ni kaɗai.”

“A cikin wannan sanyin? Ka ga takalmina kuwa? Yau na saye su.”

“Haddu, don Allah ku sauka.”

Bassu ya faɗa, ya sake faɗa, da muryar da ban san yana da ita ba. Babu wanda ke kan motar nan da bai ji ba. Ya buɗe ƙofa ya ce mini, “Ke dai sauka, ki riƙe Lalla Izza.” Muka sauka. Matan da ke baya su ma suka sauko. Wani ya ce to ai shi ke nan, nauyi ya ragu, masu tsoro sun fita.

A can ƙarshen bodi, a kan buhunan gari, akwai Assu mijin Rabha masaƙiya, mutum mai sanyin hali, mai 'ya'ya ƙanana. Na gan shi da idona ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katako zai sauko.

Haddu ya ce, “Zauna, Assu. Kada ka ba mu kunya a gaban mata.”

Assu ya mai da ƙafarsa, ya yi 'yar dariya.

Abin da ya kamata yayana ya yi shi ne ya kashe injin ya zauna a kan dutse har su gaji. Ni da haka zan yi, ko da za mu kwana a wurin. Amma shi mutum ne mai kunyar idon mutane, ga dattawa a sama, ga duhu na tahowa, ga sunan Si Bassu da bai daɗe da samu ba. Ya tsaya jim, ya shiga ya ja ƙofa.

Muna tsaye a jikin dutse muka ga abin. Ba da gudu ya faru ba, shi ya sa har yau yake dawo mini. Motar ta shiga kwanar a hankali. Tayoyin baya suka hau ƙanƙarar, suka fara juyi duka biyun tare. Sai bayan motar ya fara zamewa gefe, sannu sannu, wajen kwazazzabo. Bassu ya saki mai, ya juya sitiyari, a banza. Tayar dama ta bar hanya. Motar ta karkata, ta yi kamar za ta tsaya, sannan ta kwanta a kan gangaren. Wani ƙaton dutse ne ya tare ta, da ba don shi ba da ƙauyenmu ya zama na zawarawa.

Waɗanda ke saman motar suka watse a cikin dusar ƙanƙara. Wasu sun karye, wasu sun gurje. Haddu takalmi ɗaya ya rasa. Assu kuwa katakon bodi ya danne shi, tukwanen gas suka biyo. Kafin a ɗaga, rai ya yi halinsa.

Sai daga baya Bassu ya gane abin da ya faru, shi ya bayyana mini. Tayar nan da muka shekara muna zagi, mai kafewa wuri ɗaya, ita ce turken da ke riƙe motar a kan karkataccen wurin. Muddin tana tsaye, ƙasa na hannunta. A taɓo aksul mai riƙo alheri ne, tayoyi biyu su haƙa su samu abin kamawa. A kan ƙanƙara kuwa in duka biyun suna juyi, babu wadda ta riƙe komai, gangare sai ya ja abinsa.

Jandarmomi, 'yan sandan wajenmu, suka hauro washegari. Suka bi maza ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a bayan ƙofa ina jin amsoshinsu. Wannan ya ce yana gyangyaɗi. Wancan ya ce iska ta yi yawa, ba a jin komai. Haddu ya ce shi dai ya ga direba ya tsaya ya duba taya, ya koma ya ja mota. Na fito na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Jandarman ya tambayi ko ni wace ce. Aka ce ƙanwar direba ce. Ya daina rubutu. Lalla Izza ba ta ji komai ba, ita kam da gaskiyarta. Sauran matan kuwa mazajensu ne a saman motar, kowace ta sunkuyar da kai.

Na san dalili, kowa ya sani. In an ce Bassu ya ce a sauka, to sai a tambayi wa ya ƙi, wa ya yi dariya, wa ya hana Assu. Jinin sai ya rabu gida-gida. A kan mutum ɗaya ya fi sauƙin ɗauka. Laifi tudu ne, suka taka nasu suka hango na yayana.

An tsare shi wasu watanni, aka karɓe takardar tuƙinsa. Da ya dawo, motar tana nan a gangaren, yara sun cire fitilunta. Mai sabuwar motar nan na Rish ya karɓi hanyar. Bassu ya koma aikin yini a gonakin mutane, yana sassabe, yana tsinkar tuffa. Babu wanda ya kore shi daga masallaci. Sai dai in ya shiga sahu akan ɗan matsa, in ya yi sallama a amsa ba a dube shi ba.

Duk wannan bai ci masa rai kamar Rabha ba. An gaya mata ya shiga kwanar da gudu bai gargaɗi kowa ba, haka ta gaya wa 'ya'yanta. Kowane hunturu Bassu yakan sari itace ya ajiye a ƙofarta. Ba ta taɓa ɗauka ba, har ƙanƙara ta rufe shi, har bazara ta buɗe shi. Babban ɗanta Yidir in ya hango yayana sai ya tofar da yawu ya sauya hanya. Na je wajenta da kaina na rantse mata. Ta ce, “Tuda, maza cike da mota ba su ji ba, sai ke?” Ta rufe ƙofarta.

Na tare Haddu a bakin famfo, a gaban mutane, na ce ya faɗi gaskiya in yana tsoron Allah. Ya ce, “Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.” Daga ranar aka fara cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi haka bai zo Tizgit ba.

Shekaru suka ja. Haddu ya je Makka ya dawo Alhaji, ya koma sahun gaba. Bassu kuwa ciwon ƙirji ya kama shi, na ɗauko shi zuwa ɗakina tunda matarsa ta riga shi tafiya. Ya rame har ina iya juya shi ni kaɗai. Wata rana da hantsi, lokacin da maza duk suna gona, Alhaji Haddu ya yi sallama. Ya kawo sukari. Ya zauna a bakin shimfiɗa yana jan carbi, ni ina tsaye a ƙofa, ban ba shi ko ruwa ba.

Can ya ce, “Bassu, ka faɗa. Mun ji ka. Ni na hana Assu sauka.”

Yayana ya buɗe ido. Ya dube shi ya ce, “Ni na sani, Haddu. Ba ni za ka gaya wa ba. Ka gaya wa Yidir.”

“Abin ya daɗe. A tayar da shi yanzu, gidaje nawa za a ɓata?”

“Magana ɗaya ce. Ranar Juma'a, bayan salla.”

“Zan duba, in Allah ya so.”

Ya kama hannun Bassu ya roƙe shi ya yafe masa. Yayana, don shi haka Allah ya yi shi, ya ce ya yafe. Bayan fitarsa ya ce mini, “Zai faɗa, Tuda. Kin ga ai ya zo.” Ranar Juma'a ya sa na jingina shi da bango, yana sauraron takun masu dawowa daga masallaci. Babu wanda ya tsaya a ƙofarmu. Juma'ar da ta biyo baya bai kai ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, maza suka cika ɗakin baƙi. Ina ɗauke da akushin kuskus zan miƙa, sai na ga Yidir a cikinsu, ya zama magidanci, da gemunsa. Bai taɓa taka gidanmu ba sai ranar. Liman ya yi addu'a aka shafa. Sai Alhaji Haddu ya yi gyaran murya, kowa ya juyo gare shi. Na tsaya a bakin ƙofa. Wallahi a wannan lokacin na yafe masa komai tun kafin ya buɗe baki.

Ya ce, “Jama'a, ɗan Adam ajizi ne. Allah ya gafarta wa Bassu abin da ya yi a Tizi. Mu dai da muke cikin motar mun yafe masa.”

Aka ce amin. Duk suka juya wajen Yidir. Ya sunkuyar da kai, ya goge ido da bakin riga, ya ce, “Ni ma na yafe masa jinin babana.” Dattawa suka shiga sa masa albarka, suna cewa ɗan halak ne.

Na ajiye musu akushin a tsakiya. Suka ci, har Alhaji ya nemi ƙarin miya.